Yadda Za Ka Ziyarci Tuddan Yashin Sossusvlei a Namibiya, Daga Biza Har Ƙolin Tudu

Tun da na dawo daga Namibiya na nuna wa mutane hotunan jajayen tuddan yashin nan, tambayoyi ba su yanke ba: ta ina ake bi, nawa ake kashewa, kuma mutum zai iya zuwa da kansa ba sai ya bi kamfanin yawon buɗe ido ba? Zai iya. Ga yadda ake yi daki-daki.

Sunan wurin Sossusvlei, a cikin gandun Namib-Naukluft, wanda faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 50,000. Wanda ya san tuddan Yusufari a Yobe ko rairayin Tenere a Nijar ba baƙon yashi ba ne, amma na nan ja ne kamar garin bulo, kuma waɗansu tuddan sun haura mita 300. Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu: wannan wuri na safiya ne. Awa uku zuwa huɗu na farko bayan fitowar rana su ne ziyarar. Duk shirin da ke ƙasa, daga zaɓen wata har zaɓen wurin kwana, don ka tsinci kanka a gindin tudu a wannan lokacin ne.

1. Zaɓi watan tafiya

Namibiya tana kudancin duniya, yanayinsu akasin namu ne. Sanyinsu daga Mayu zuwa Satumba, kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa: rana da sauƙi, sama garau. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi yakan wuce digiri 40, yashi ya koma kamar kaskon tuya tun kafin hantsi ya dubi ludayi.

Gargaɗi: kada kalmar hamada ta ruɗe ka ka tafi da ƙananan kaya kawai. A Yuni da Yuli sanyin asuba yakan kusa daskarar da ruwa. Ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, hula da safa. Daga Yuli zuwa Oktoba kuma baƙi sun fi yawa, wuraren kwana suna cika da wuri.

2. Takardu

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar shigarka, da shafuka uku da ba a buga komai a kansu ba. Biza ka gama maganarta kafin ka sayi tikiti. Namibiya tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma ma'aikatar cikin gidanta tana da shafin neman biza ta intanet. Ka tabbatar da ƙa'idar da ta shafi fasfon ƙasarka daga bakinsu, ba daga bakin dillali ba.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne ga mai tasowa daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi komai ba.

Idan kai za ka tuƙa, lasisin da aka rubuta da Turanci yana wadatarwa a wurin yawancin masu ba da hayar mota. Mai lasisin Faransanci ko Larabci ya nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida.

3. Jirgi da kwanan farko a Windhoek

Hanya mafi sauƙi daga yankinmu ita ce ta Addis Ababa, ko ta Johannesburg. Ka sayi tikiti guda daga farko har ƙarshe. Idan ka raba shi biyu don neman rahusa, sai ka fita karɓar kaya a tsakiyar hanya, wannan kuma yana buƙatar bizar ƙasar da ka yada zango.

Za ka sauka a filin jirgin Hosea Kutako, kimanin kilomita 45 gabas da Windhoek, babban birnin ƙasar. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Kada ka kama hanyar hamada ranar da ka sauka. Ka kwana a gari, ka sayi layin waya na MTC, ka canji kuɗi, ka yi cefane. Dalar Namibiya daidai take da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand ɗin a ko'ina. Soket ɗinsu mai manyan ramuka uku ne masu zagaye, cajarka ta gida ba za ta shiga ba sai da adafta.

Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar, amma akwai masallatai a Windhoek, kuma a nan ne za ka tambayi inda ake sayar da naman halal. Bayan ka bar gari maganar ta ƙare. Masaukan hamada naman daji suka fi dafawa, da naman alade a cikin kayan karin kumallo. Ni kifin gwangwani, ƙwai, burodi, dabino, gyaɗa da kayan shayi suka riƙe ni, ban kuma rasa komai ba.

4. Wurin kwana: a nan ake cin riba ko a yi asara

Wannan matakin ya kamata ka gama tun watanni kafin tafiya, kuma shi ne wanda mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Mashigar gandun tana wani ɗan zango mai suna Sesriem, kuma ƙofa biyu ce. Ƙofar waje ana buɗe ta da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Ƙofar ciki ana buɗe ta awa ɗaya kafin fitowar rana, a rufe awa ɗaya bayan faɗuwarta. Tsakanin ƙofofin nan biyu akwai sansanin kafa tanti na Sesriem, akwai kuma masauki irin su Sossus Dune Lodge, waɗannan biyun a hannun kamfanin gwamnati na NWR suke. Wanda ya kwana a ciki ya riga kowa da awa guda.

Awa ɗayan nan ba ƙaramin abu ba ne, domin daga ƙofa zuwa manyan tuddan kilomita 60 ne, kuma dokar gudu a cikin gandun kilomita 60 ce a awa. Wato na ciki yana isa daidai lokacin da rana ke ɓullowa, na waje kuwa a lokacin yake karɓar izinin shiga. Idan masaukinka yana da nisan kilomita 40 ko 50 daga ƙofar, kamar yadda da yawa suke duk da sunan Sossusvlei da suka liƙa wa kansu, ka ƙara wata awar a kan hanyar tsakuwa. Kafin ka biya kafin alƙalami, ka yi tambaya ɗaya: kilomita nawa ne daga nan zuwa ƙofar Sesriem?

Shawarata, ka kama wuri a sansanin ciki, kwana biyu. Ya fi masaukan da ke ciki araha, akwai banɗaki da ruwan wanka, akwai inuwar manyan itatuwa. Idan ya cika, ka nemi waɗanda ke dab da ƙofar waje. Kwana ɗaya ya yi kaɗan: ka iso a gajiye, kuma idan iska ta taso da ƙura a safiyar, ba ka da wata safiyar.

Gargaɗi ga mai tanti: diloli suna yawo a sansanin da dare. Abinci da takalma su kwana a cikin mota.

5. Mota

Babu motar haya da ke zuwa Sesriem. Ko ka bi ayarin kamfanin yawon buɗe ido daga Windhoek ko Swakopmund, yawanci tafiyar kwana uku, ko ka yi hayar mota. Wanda bai saba doguwar tuƙi ba, ko yake shi kaɗai, ayarin ya fi masa sauƙi da araha. Idan kun kai uku ko huɗu, hayar mota ta fi.

Ƙaramar mota tana iya kaiwa, amma mai tsayi irin Hilux ta fi kwanciyar hankali. Da yawa suna zuwa da tanti a kan rufi, da firji da kayan girki. Kafin ka sa hannu:

- Ka tambaya ko inshorar ta haɗa da taya da gilashi. Sau da yawa ba ta haɗa ba, kuma su ne abin da hanyar ta fi ci.
- Ka nemi safaya biyu, ka ga jak da sifana da famfon iska da idonka, ka sa a nuna maka yadda ake sauko da safayar.
- Ka ɗauki bidiyon jikin motar gaba ɗaya a gaban ma'aikacinsu.
- Kuɗin jingina a kan katin banki suke riƙewa. Ka tabbatar katinka yana aiki a waje kuma iyakarsa ta kai, in ba haka ba a nan tafiyar za ta tsaya.

A Namibiya ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama. Wurin da aka fi mantawa shi ne lokacin fitowa daga gidan mai ko shiga shataletale. Na kusa da kai ya riƙa tuna maka.

6. Hanyar Windhoek zuwa Sesriem

Tafiyar ta ɗan haura kilomita 300, ka ware mata awa biyar zuwa shida. Kwalta har Rehoboth, daga nan tsakuwa. Ka tashi kafin ƙarfe 9 na safe. Hanyar da ta bi ta Spreetshoogte tana da gangara mai tsanani, a ƙaramin giya ake saukarta ba a kan birki ba, amma daga samanta za ka ga hamadar shimfiɗe har iyakar ganinka. Wanda ke tsoron gangara ya bi ta Remhoogte.

Ka tsaya a Solitaire, kimanin kilomita 80 kafin Sesriem, ka cika tanki ko da rabi ya rage. Akwai gidan mai a Sesriem ma, amma ƙa'idar ƙasar ita ce duk inda ka ga mai ka sha. Ka riƙe tsabar kuɗi, na'urar kati takan rasa sabis.

A kan tsakuwa kada ka wuce 80, ko da hanya ta miƙe fetal. Yawancin kamfanonin haya sun sa wannan iyakar kuma suna da na'urar bibiya a motar, idan ka wuce ta ka yi haɗari inshora ta faɗi. Fitilun gaba a kunne ko da rana. Idan ka hango ƙurar mota tana tahowa, rage gudu ka matsa hagu saboda tsakuwar da take watsowa. Kada ka taka birki da ƙarfi a kwana, kada ka fizgi sitiyari. Bayan magariba kuma ba a tuƙi, dabbobi ne a hanya.

Tayata ta baya ta fashe kafin Solitaire, kuma ban ji ƙara ba, motar ce kawai ta fara jan gefe. Da na fito, gefen tayar ya riga ya yage. Kusan minti 40 muka yi ana canji, mota ɗaya tak ta wuce, ta kuma tsaya ta tambaye mu ko muna da ruwa. Daga ranar nake tsayawa duk bayan awa ɗaya in zagaya motar in duba tayoyi. Ka ajiye jarkar ruwa ta lita 20 a bayan mota ban da na sha.

7. Izinin shiga da kuɗinsa

Ana biya a ofishin da ke Sesriem, kuma takardar ta awa 24 ce. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2021, babban mutum ɗan ƙasar waje ya kasance yana biyan dalar Namibiya 150 a rana, ƙaramar mota 50. Rangwamen da ake yi na 'yan ƙasa ne da 'yan ƙungiyar SADC ta kudancin Afirka, mu daga yammaci da tsakiyar Afirka kuɗin baƙi muke biya. Ana sabunta farashin lokaci zuwa lokaci, ka riƙe fiye da haka. Idan a ciki ka sauka, ka biya tun da yamma don safiya ta zama taka. Ka adana rasit, ana dubawa a wurin fita.

Kuɗin shiga shi ne mafi ƙanƙanta a kasafinka. Tikitin jirgi ne kan gaba, sai mota da manta, sai masauki. Inda za ka iya ragewa sosai shi ne masauki, ta hanyar kwana a tanti da dafa abincinka.

Ba a yarda da jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto ba sai da izini na musamman, an kuma hana shiga gandun dajin ƙasar da ledar cefane.

8. Yammacin isowa

Kada ka zauna. Kwazazzabon Sesriem yana kimanin kilomita 4 daga sansanin, zurfinsa ya kai mita 30, kogin Tsauchab ne ya haƙa shi. Sunan ma daga nan ya samo asali: a harshen Afrikaans yana nufin tsirkiyar fata shida, adadin da matafiyan da suke ɗaurawa kafin gugarsu ta taɓo ruwa. Bayan nan ka wuce tudun Elim, kimanin kilomita 5 daga ƙofar ciki, ka gwada ƙafarka a yashi kafin gobe.

Maganar alƙibla: mu mun saba gabas ita ce alƙibla, a nan ba haka ba ne. Makka tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas, kimanin digiri 30. Ka saita manhajar alƙibla tun kana da sabis, ka ja layi a ƙasa kusa da tantinka.

9. Safiyar

Ka haɗa jaka tun dare: ruwa aƙalla lita 3 ga kowane mutum, dabino, hula mai faɗi ko rawani, baƙin tabarau, man shafawa na leɓe, tocila. Takalmi rufaffe da safa. Silifas kuskure ne babba, domin yashin da ke da sanyi da asuba shi ne zai ƙona tafin ƙafarka da ƙarfe 11.

Ka tambayi lokacin buɗe ƙofa a ofis, yana canzawa da watanni. A tsakiyar sanyi rana tana fitowa wajen ƙarfe 7:30, a Disamba wajen 6. Ka yi sallar asuba a sansani da zarar alfijir ya keto, ka shiga layin motoci. Hanyar kwalta ce mai kyau, amma kada duhu da gaggawar wasu su ja ka ka wuce 60. Mariri da jimina da bareyi suna tsallakawa ba sanarwa.

A kilomita na 45 za ka ga motoci sun taru a gindin wani tudu a hannun hagu. Shi ne Dune 45, ya samo sunansa daga nisan. Yana bakin hanya, hawansa bai da tsanani sosai. A nan sai ka zaɓa, domin ƙarfinka da sanyin safiya ba za su ishi manyan tuddai biyu ba. Mai tafiya da yara ko dattawa ya tsaya a nan. Mai jin ƙarfi ya wuce kai tsaye zuwa Big Daddy, babban tudun da ke can ƙarshen hanya, ya bar Dune 45 zuwa yamma ko gobe.

10. Kilomita 5 na ƙarshe

Kwalta tana ƙarewa a wani filin ajiye motoci. Daga nan yashi ne mai zurfi, sai mota mai jan ƙafa huɗu. Akwai motocin jigila da ke kai mutane su dawo da su, ana biya daban. Ni su nake ba kowa shawara. Dokar shiga wannan sashen da motar kanka takan canza, ka tambaya a ofis tun jiya. Idan an bari kuma ka iya, ka rage iskar tayoyi zuwa wajen 1.5 a ma'aunin iska na bar, ka sa giyan ƙafa huɗu tun kafin ka shiga, ka bi sawun da ke akwai, kada ka tsaya a tsakiyar laushi. In ta kafe, ɗaga ƙafarka daga totur nan take, ƙara wuta ƙara binnewa ne, kuma janyowa da kuɗi ne.

Ka riƙe tikitin jigilar, ka tambayi direba lokacin motar ƙarshe.

11. Hawan Big Daddy da sauka Deadvlei

Big Daddy ya kai kimanin mita 325, kuma hawansa yana cin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A kan doron tudun ake bi, wannan siririn layin da ya raba ɓangaren haske da na inuwa, domin yashin nan ya fi tauri. Ka sa ƙafarka cikin sawun wanda ya riga ka, ya riga ya danne maka shi. Gajerun taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa. Duk taku uku za ka ji kamar ɗaya ya koma baya, haka yake ga kowa. Ka ƙirga hamsin ka tsaya, ka kurɓi ruwa, ka ci gaba. Sau biyu ko uku za ka ɗauka ka iso, sai wani doron ya bayyana a gaba.

Da sassafe za ka ga rubutun dare a kan yashin: ɗigo-ɗigon sawun buzuzu kamar ɗinkin keke, jan wutsiyar ƙadangare, wani lokaci kofaton mariri da ya haura shi kaɗai. Kafin hantsi iska ta share su duka. Daga ƙoli kuwa tuddai ne jere bayan jere har inda ido ya gaza. Wannan tekun yashin ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Na daɗe zaune a wurin ban ce komai ba sai tasbihi.

Gargaɗi: idan ƙarfe 10 ta yi ba ka fara hawa ba, ka haƙura. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya alamar ka juya ne, ba ka daure ba. Babu inuwa ko ɗaya a sama, asibiti kuma yana da nisan sa'o'i. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya a ƙasa, Deadvlei, farin filin da ke gindin tudun, ita kaɗai ta isa dalilin zuwa.

Saukowa ta gangaren da ke fuskantar Deadvlei ake yi, minti biyar zuwa goma. Ka sa waya da kyamara cikin jaka ka zuge, ka jingina baya kaɗan, ka riƙa cusa diddige. Yashin yana ɗaukarka a hankali, wani lokaci har ka ji yana gurnani a ƙarƙashinka.

Deadvlei farin fili ne na busasshen yumɓu, da baƙaƙen itatuwan ƙaya dangin bagaruwa tsaye a cikinsa. Sun mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, lokacin da tuddai suka tare wa kogin hanya, kuma tsananin bushewa ya hana su ruɓewa. Ba a taɓa su, ba a jingina, ba a hawa, ba a rataya jaka. Reshen da ya karye ba mai mayar da shi. Wanda bai hau tudun ba yana iya zuwa nan da ƙafa daga inda motar jigila ta sauke shi, tafiyar kilomita ɗaya da 'yan kai, yana bin sandunan da aka kafa. Daga gindin Big Daddy zuwa wancan bakin filin ya fi yadda ido ke nunawa nisa, ka ajiye ruwan da zai ishe ka wannan tafiyar.

12. Komawa

Ka yi niyyar barin wurin kafin azahar. Idan ka rage iskar taya, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Duk abin da ka shigo da shi, har ƙwallon dabino da takardar goge hannu, ka fita da shi. Ka huta a inuwa har la'asar, sannan ka koma Dune 45, lokacin da mutane sun ragu kuma jan yashin ya fi fitowa. Ka lissafa minti 45 na dawowa kafin a rufe ƙofarka.

Washegari, in Windhoek za ka koma ko ka miƙe ta C14 zuwa Walvis Bay, ka cika tanki, ka duba tayoyi har da safaya, ka bar Sesriem da safe. Kada ka sa jirgin komawa gida a wannan ranar, ka bar kwana ɗaya a tsakani saboda taya ko hanya.